Jinin da Liman Yake Jira

Wai ni Hawawu aka ce ina da cikin shege. Ni da jikata ta fara zuwa makaranta. Ni da na binne mijina shekara tara da suka wuce, na yi takabata, na koma bakin tukunyata a Moshi Zongo, ban sake ba wani namiji fuska ba sai da Zuberu mai gyaran fanka ya biyo ta ƙofar gida da maganar aure.

A bakin Azeta na ji. Rumfa ɗaya muke da ita, ita koko da ƙosai, ni shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan namu.

"Mma Hawawu, ajiye cokalin nan tukuna."

"Faɗi, da kunne nake ji ba da hannu ba."

"Jiya a wajen sunan da aka yi a unguwar Kasalgu, muna gindin murhu, Hajiya Mashudatu ta ce wai ƙanenta Zuberu ba aure zai yi ba, rufin asiri zai yi. Wai kin riga kin ɗauka."

"Na ɗauki me?"

Azeta ta kalli cikina, ta kawar da kai.

Ban san lokacin da cokalin ya faɗa cikin miya ba.

"Da wace hujja?"

"Ta ce azumin bana kin yi shi cur, ba ki sha ko ɗaya ba. Ta ce tun kafin azumi ba a taɓa neman ki a sahun mata an rasa ba, ba fashin salla, ba komai. Ga ciki ya turo zane, ga gumi, ga jiri a bakin wuta. Kuma wai kowa ya ga ranar da Zuberu ya shiga ɗakinki."

"Fanka ya ɗaura mini! Ƙofa a buɗe, matan gida suna tsakar gida suna daka!"

"Ni na sani. Amma mata sun yi shiru, wasu suna gyaɗa kai."

Ashe sallata ake ƙirga mini. Ina kai goshina ƙasa ina roƙon Allah, wata tana bayana tana lissafin watanni.

Gaskiyar abin da ke jikina kuwa, ga ta. Tun bara jinina ya fara yi mini wasa. Ya zo wannan wata, ya ɓace wata biyu, ya dawo kamar an yanka kaza, sannan ya tafi bai sake leƙowa ba. Daga nan wuta ta shigo. Ina zaune lafiya lau sai in ji zafi ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska, zuciya tana dukan uku-uku. Kafin in ce wani abu rigata ta jiƙe. Barci ya ƙaurace mini. Gwiwoyina suka fara ƙara. In shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Wata rana mai saye ya ce shitona ya yi gishiri, na zage shi tas, ya tafi, na zauna ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa.

Na zaci sammu aka yi mini. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, har na gaji na je asibiti. Wata nas mai ƙiba, sa'ata, ta duba ni ta yi dariya.

"Mma, ba ciwo ba ne, ba kuma aljani ba. Al'ada ce take sallama da ke. Ni ma ga tawul ɗina a aljihu."

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Me ya sa zan gaya? Jinina ne, ba na unguwa ba. Kuma Zuberu ɗiya ɗaya gare shi, tana aure a Kumasi, ba shi da namiji. Tun ranar da aka kai goro gidanmu yayarsa Mashudatu take zagaye dangi tana cewa gidan ubansu da ke unguwar Dungu yana neman magaji, ba tsohuwa mai warin hayaƙi ba.

Da la'asar yayana Tahidu ya zo, shi ne waliyyina. Ko tabarma bai yarda ya hau ba.

"Hawawu, an ɗaga auren."

"Wa ya ɗaga?"

"Afa Abdul-Mumin. Limami ne, ba zai ɗaura aure a kan zargi ba. Ya ce a yi istibra'i. Ki ga jini sau ɗaya, Magajiyar mata ta shaida, bakin kowa ya mutu, sai a sa rana."

Na yi dariyar da ta tsorata shi.

"Jini?"

"Abu mai sauƙi. Wata ɗaya ne kawai."

"Yaya, kai ma ka yarda na yi abin da ake faɗa?"

"Ni ban ce ba. Amma a masallaci ana kallona. Ki yi haƙuri."

Haƙuri! Tun ina yarinya ake ɗura mini shi kamar koko. Ya fita ya hau babur ɗinsa ya bar ni tsaye. An ɗaure aurena da abin da ba zai sake zuwa ba har a busa ƙaho. In na yi shiru, ni mazinaciya ce. In na buɗe baki, na miƙa wa Mashudatu abin da take nema da hannuna.

Washegari ban ɗora tukunya ba. Na tare yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, zuwa shagon Zuberu da ke hanyar kasuwar Aboabo. Yana zaune a tsakiyar matattun fankoki, tabarau a kan hanci, yana naɗa waya. Da ya gan ni ya miƙe har kwalbar man inji ta kife.

"Hawawu, sannu da zuwa. Zauna nan, iska ta fi kaɗawa."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka ji abin da yayarka ta faɗa?"

"Na ji."

"Ka taɓa ni?"

"Subhanallahi, Hawawu!"

"Amsa nake so. Ka taɓa ko yatsana?"

"Ban taɓa ba."

"To wani ne ya taɓa ni ke nan? Abin da ke ranka ke nan?"

"Wallahi ko a mafarki."

"To me ya rufe maka baki? An tsaya a gaban mata an tuɓe ni tsirara da sunanka, kai kana nan kana naɗa waya!"

Ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye shi.

"Yaya ce ta rene ni, kin sani. Uwarmu ta rasu ina rarrafe, a bayanta na girma. Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Kuma akwai abin da in na faɗa..."

"Kada ka faɗa. Riƙe abinka."

Hawaye suka zo, na tsani kaina saboda su. Da can ni ba mai kuka ba ce. Ranar da aka fita da gawar mijina ma sai da kowa ya watse na yi nawa. Yanzu kuwa ko kaza aka kora sai idona ya kawo ruwa.

"Zuberu, ni ban neme ka ba. Ina zamana ka riƙa zuwa sayen abinci, kana cewa a ƙara maka taliya, kana tsayawa har tukunya ta ƙare. Ka sa na sayi turare. Ni, da shekaruna, na sayi turare! Ka sa na fara duba madubi. Yanzu ka bar ni a bakin mata."

"Ban bar ki ba. Ki ba ni lokaci in lallashe ta."

"Ka lallashe ta. Ni wurin Liman za ni, kuma a kira kowa."

Ya biyo ni har bakin titi yana kiran sunana. Ban waiwaya ba.

Aka taru a zauren Afa Abdul-Mumin bayan azahar. Shi a kan buzu, Tahidu da Zuberu a gefe ɗaya, ni da Azeta a bakin ƙofa. Hajiya Mashudatu ta zo a makare, da leshi mai walƙiya da carbi a hannu. An ɗauke wuta, fankar sama tana tsaye kamar gawa.

Liman ya yi addu'a ya ce, "Hawawu, ke kika nemi zama. Amma ki sani ni ban yanke miki hukunci ba. Bakin mutane nake so in rufe. Jini ɗaya, magana ta mutu."

"Afa, Allah ya ƙara maka ilimi. Ni ban yi karatu ba, ko alif ban sani ba. Amma ina da tambaya. Wanda ya ce an yi abu, shi ake tambaya hujja, ko wanda aka ce ya yi?"

Ya gyara zama. "Wanda ya faɗa."

"To ga ta nan. Tambaye ta."

Mashudatu ta ja carbi. "Ni ban ce na gani ba. Na ce mace mai jini a jika ba ta yin wata da watanni ba fashin salla sai da dalili. In ba ciki ba ne, ta faɗi dalilin. Shi ke nan."

Ta kalle ni, gefen bakinta yana motsi. A nan na gane. Matar nan ta girme ni da shekara goma sha biyar. Ta san abin da ke damuna sarai. Ba ta taɓa yarda ina da ciki ba ko na minti ɗaya. So take in faɗa da bakina a gaban ƙanenta.

Kuma a daidai lokacin wutar ta taso.

Daga ƙirji ta fara kamar kullum. Ta hau wuya, kunnuwana suka ɗauki zafi, gumi ya tsinke daga ƙarƙashin ɗankwali yana bin haɓata yana ɗiga a kan mayafi. Maza uku suna kallona ina narkewa kamar man kaɗanya a rana.

"Kun gani ko?" in ji Mashudatu. "Haka take yi."

Na yaye mayafin daga wuyana. Tahidu ya ce, "Hawawu!" Ban kula shi ba.

"Afa, ka daina jira. Jinin da kake jira ba zai zo ba. Ba wata mai zuwa ba, ba baɗi ba. Ya tafi. Na gama. Allah da ya ba ni shi ina 'yar shekara goma sha uku ya karɓi abinsa. Cikin nan da ake nunawa teɓa ce, shinkafa ce da wake. Gumin nan kuwa, tambayi Hajiya. Shekara uku ta yi tana yawo da tawul a wuya, tana zama a bakin randa a gidan biki, tana cewa hawan jini ne. Mu duka mun gani, ba wadda ta ce tana da ciki!"

Liman ya sunkuyar da kai yana kallon buzu. Yayana ya rufe fuska da hula.

Mashudatu ko gezau. Ta juya wajen ƙanenta, murya a sanyaye.

"To, Zuberu, ka ji da kunnenka. Ba ni na faɗa ba. Ba haihuwa, ba magaji. Gidan Baba ya tafi hannun 'ya'yan baffa ke nan? Na goya ka, na yi tallan goro na ciyar da kai, don sunan ubanmu ya mutu a hannunka? Ga 'yan mata cike da gari." Sai ta fashe da kuka, kuma kukan gaske ne, na ba ta wannan.

Na jira. Na riga na shirya zuciyata. Na ce in ya sake cewa a ba shi lokaci, zan je gida in kwance fankarsa da hannuna in aika masa da ita a buhu.

Zuberu ya miƙa hannu ya ɗauki maficin Liman da ke kan buzu. Ya taso, ya tsallake zauren, ya ajiye shi a gabana. Sannan ya koma ya durƙusa a gaban yayarsa.

"Yaya, na sani tun kafin a kai goro."

"Ka san me?"

"Matata marigayiya Adijatu haka ta yi shekara biyu kafin rasuwarta. Zafi, gumi, faɗa ba dalili, kuka ba dalili. Ni nake yi mata fifita. Ranar da na ga Hawawu ta bar tukunya ta zuba wa kanta ruwan sanyi a ka, na gane. Shi ya sa na kai mata fanka. Ba haihuwa na je nema ba, Yaya. Shekarata hamsin da takwas. Wadda zan yi hira da ita nake so."

Ya juyo gare ni. "Ban faɗa ba ne don ba ki gaya mini ba. Na ga sirrinki ne."

"Sirrina?" na ce. "Ka ga an ɗora mini zina, ka zaɓi ka rufa mini asirin tsufa? Wanne ya fi nauyi, Zuberu?"



Liman ya yi gyaran murya. "Alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Babu istibra'i, babu komai. Ranar Juma'a sai a ɗaura. Hajiya, kin yi kuskure, ki nemi gafarar Allah. Hawawu, ke kuma ki yafe, a bar maganar a zauren nan."

"A'a."

"Na'am?"

"Ba a zauren nan aka ɓata ni ba, Afa. A gindin murhu aka yi, a gaban matan Kasalgu da na Dungu da na Zongo. In aka ɗaura aure ranar Juma'a cewa za su yi an yi sauri ne don a rufe ciki. Ranar Asabar akwai suna a gidan Magajiya, matan nan dai su ne za su yi girki. Ta je ta tsaya inda ta tsaya, ta ce ƙarya ta yi. In ba haka ba, ba aure."

"Hawawu, kada ki wuce gona da iri," in ji Tahidu.

Mashudatu ta share ido ta miƙe. "Ni in tsaya a gaban yaran da na haifa in ce na yi ƙarya? Saboda mai sayar da wake? Gara a ɗauki gawata." Ta ja takalmanta ta fita.

Zuberu ya ce, "Zan kawo ta. A bayan babur ɗina zan ɗauko ta."

"Sai na gani," na ce.

Ranar Asabar tun da hantsi muna gidan Magajiya. Tukwane a jere a kan duwatsu, hayaƙi ya cika tsakar gida, ana tuƙa tuwo ana yanka ganyen ayoyo na miya. Na ɗauki muciya na kama tukunyar da ta fi kowacce girma. Duk wadda ta wuce sai idonta ya sauka a kan cikina. Wata amarya ma har cewa ta yi, "Mma, kawo in karɓa miki, kada ki wahalar da kanki." Na ce ta matsa ko in tuƙa da ita.

Rana ta take. Aka sauke tuwon farko. Azeta tana ta leƙen ƙofa.

Sai muka ji ƙarar babur.

Zuberu ne ya shigo. Shi kaɗai. Na leƙa bayansa, ba kowa.

Na ci gaba da tuƙi.

Maza suna waje a ƙarƙashin rumfa, nan ya kamata ya tsaya. Bai tsaya ba. Ya ratsa ta tsakanin turame da bokitai, da farar rigarsa ta zuwa suna, har tsakiyar murhu inda ba namijin da ke takawa. Mata suka fara jan mayafi.

"Kai, Zuberu, ɓata ka yi?" in ji Magajiya. "Ko tuƙi ka zo taya mu?"

Aka yi dariya. Ya cire hula.

"Iyayena, yayyena, ku gafarce ni. A cikinku aka faɗi wata magana a kan Hawawu, da sunana a ciki. Yayata ce ta faɗa, kuma ba gaskiya ba ce. Na roƙe ta ta zo ta janye, ta ƙi. Ni ne na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana, shi ya sa na zo da kaina. Hawawu ba ta da ciki. Ban taɓa ta ba, ba wanda ya taɓa ta. Girma ne ya zo mata, irin wanda ke zo wa mata. Na sani, kuma a haka nake son ta."



Wata tsohuwa da ke gyaran kuɓewa ta ɗago kai. "Wutar nan ce mai tasowa daga ƙirji?"

"Ita ce," na ce.

"Kai! Ni shekara bakwai ta yi tana gasa ni. A tsakar gida nake shimfiɗa, mijina ya zaci yaji nake masa."

"Ni har gidan mai magani aka kai ni, wai iska ce," in ji wata.

"Ni yanzu haka ina ciki," Magajiya ta faɗa, tana fifita da murfin roba. "Wa na gaya wa?"

Nan take gindin murhu ya kaure. Wannan tana ba da labarin gwiwarta, waccan tana cewa ta taɓa sa gishiri a koko. Matan da suka gyaɗa kai ranar da aka ɓata ni, su ne yau suke rantsuwa sun san ƙarya ce tun farko. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu da tawul a kafaɗa. Kowacce ta sha wutarta a ɓoye, ta zo ta zauna tana ƙirga mini salla.

Zuberu yana tsaye har yanzu, hayaƙi ya sa idonsa ja, toka ta ɓata masa gefen riga.

"Hawawu," ya ce a hankali, "ya isa?"

"Bai isa ba. Ba bakinka ne ya ɓata ni ba."

Fuskarsa ta faɗi.

"Amma ka je ka gaya wa Afa Juma'a mai zuwa. Kuma ka gaya wa yayarka, gidan Dungu zan tare, ɗakin da ke kallon nata. Kullum da safe zan gaishe ta, in tambaye ta ko yau ne za ta janye. Ba na fashin salla, ba zan yi fashin wannan ba."

Matan suka saki guɗa. Ni kuwa wutar ta sake tasowa, tun daga ƙirji har tsakar ka. Na miƙa masa murfin tukunya.

"Tunda ka shigo cikin mata, yi aiki. Fifita."